Shin Waya na Sauraron Hirarmu? Ga Inda Sirrin Yake Yoyo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi bayani a kan wata magana da ta cika bakin mutane a nan Birnin Kebbi, kuma haka take a Jega da Argungu da Yauri. Ana cewa wayar hannu tana kasa kunne ga hirar da ake yi a majalisa, tana kai rahoto, shi ya sa mutum zai ambaci abu da la'asar, kafin isha'i ya ga tallansa a Facebook. Sana'ata gyaran waya da saita manhajoji, kuma abin da ke damuna shi ne tsoron ya sauka a inda bai kamata ba. Za ka ga mutum yana kife waya ko yana cusa ta ƙarƙashin matashi idan za a yi maganar sirri, alhali a cikin wayar akwai manhajar bashi da ya ba izinin karanta duk lambobin da ya ajiye. An bar jaki ana dukan taiki.

Matsayina a fili yake. Har yau babu wani binciken masana da ya kama Facebook ko Google suna kunna makirfon waya a ɓoye domin su zaɓa wa mutum talla. Wannan ba yabo ba ne gare su. Dalilin shi ne ba sa buƙatar yin hakan, domin abin da suke tarawa a kanmu ta wasu hanyoyi ya fi abin da za su tsinta a hira yawa da inganci da arha. Akwai kuma wuraren da sauraron ya faru da gaske, zan zo kansu.

Mu fara da lissafi, tun da data ba ta ƙarya. Muryar mutum, ko an matse ta sosai yadda za a iya gane kalmomi, tana cin kamar kilobit 16 a daƙiƙa guda. Wannan ya kama megabait 7 da ɗan wani abu a awa ɗaya. Idan waya ta saurari mai ita awa 12 a rana tana turawa waje, za ta ci kusan megabait 86 kullum, wato gigabait 2 da rabi a wata. Mutumin da ke sayen gigabait 1 yana lallaɓa shi ya kai mako biyu, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a farkon 2025, ba zai kwana uku bai lura ba. Kuma kowace waya tana ajiye lissafin datar da kowace manhaja ta ci, ta raba wadda aka ci kana amfani da manhajar da wadda aka ci a bayan fage. Ba a ɓoye gigabait biyu a wannan lissafin.

Mai kaifin hankali zai ce, to ai ba dole a tura muryar ba, wayar na iya mayar da maganar rubutu a cikinta, ta tura 'yan kalmomi kawai. Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana wurin batir. Mayar da magana rubutu ba dare ba rana aiki ne mai nauyi ga ƙwaƙwalwar waya. Wayar za ta riƙa ɗumi a aljihu ko ba a taɓa ta ba, cajin da ke kai mutum yamma ya ƙare kafin azahar, kuma sunan manhajar zai hau saman jerin masu cin batir. Ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'armu, masu ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2 ko 3, da ƙyar suke riƙe WhatsApp da TikTok a buɗe lokaci guda. Abin da waya ke iya yi ba tare da shan batir ba shi ne jiran kalma ɗaya tak, irin wadda ake kiran mataimakin murya na Google ko Siri na iPhone da ita. Akwai ɗan ƙaramin sashe mai cin wuta kaɗan da aka keɓe wa wannan aiki. Yana riƙe sautin 'yan daƙiƙoƙi, yana gwada shi da kalmar da aka koya masa, idan ba ita ba ce ya zubar. Bai san taki ba, bai san shadda ba. Sannan a tuna da harshen da muke hira da shi. Sai a ƙarshen 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya da su, kuma duk wanda ya gwada ya san sai ka matso da wayar bakinka, ka yi magana dalla-dalla. Ina ga Hausar Kabi ko ta Zamfara, mutum biyar suna magana lokaci guda, janareta yana ruri, wayar tana cikin aljihun 'yar ciki a ƙarƙashin babbar riga.

Su kansu masu ƙera tsarin wayoyin sun yi ta ƙara makullai. Tun Android 6 na 2015 manhaja ba ta taɓa makirfo sai ta nemi izini a fili. Android 9 na 2018 ya hana manhajar da ke kwance a bayan fage amfani da shi. Daga Android 12 na 2021, duk lokacin da wata manhaja ta buɗe makirfo ko kyamara, ɗan koren ɗigo yana bayyana a saman fuskar waya ta dama. A iPhone tun 2020 ɗigon ruwan lemo ne na makirfo, kore na kyamara. Tsarin wayar ne ke kunna wannan ɗigo, manhaja ta yau da kullum ba ta da ikon kashe shi.

An kuma gwada a aikace. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun bi diddigin manhajojin Android sama da 17,000, suna duba duk abin da ke fita daga cikinsu. Ba su kama ko ɗaya tana tura murya a ɓoye ba. Abin da suka kama ya fi ba ni tsoro: wasu manhajoji suna ɗaukar hoto ko bidiyon abin da mutum ke yi a fuskar wayarsa, suna tura wa wani kamfani na daban. A 2019 kamfanin tsaron waya mai suna Wandera ya ajiye iPhone da Samsung a ɗaki, ya riƙa kunna musu tallan abincin karnuka da kyanwoyi na minti 30, kwana uku a jere, ya ajiye wasu a ɗakin da babu sauti. Ba a ga bambanci a data ko batir ba, ba a kuma ga tallan abincin dabbobi ya biyo baya ba. Shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya musanta zargin a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018, amma ni ba musun nasa nake kafa hujja da shi ba, domin mai kaya ba zai kushe kayansa ba. Lissafin kuɗinsa ya fi gamsar da ni. A rahoton Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, na wata ukun ƙarshen 2023, mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada ya kawo wa kamfanin kusan dala 68, shi kuwa na rukunin da Afirka ke ciki dala 4 da rabi. Babu ɗan kasuwar da zai kashe kuɗin sauraron mutum na wata uku domin dala huɗu da rabi, alhali yana da hanyar da ba ta cin komai.

To ta ina tallan yake gano mutum? A ɗauki manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru a watan Disamba, ana shirin noman rani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, maganar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ba ta barin bakin manoma. Ya zauna da abokansa sun tattauna farashi, da dare ya buɗe Facebook, sai ga tallan famfon sola. A wurinsa magana ta ƙare, waya ta ji.

Ga abin da ya faru ta ɗaya ɓangaren. Wani dila a Kano ko Legas ya buɗe shafin sayen talla. Shafin yana ba shi dama ya dasa alama a kan taswira ya zana da'ira, daga kilomita 1 har zuwa 80. Ya zaɓi maza, 'yan shekara 25 zuwa 55, masu sha'awar noma, ya sa tallan ya fara a watan da ya san ana neman kayan. Yana iya ɗora jerin lambobin wayar waɗanda suka taɓa sayayya a wurinsa, ya ce a nemo masa masu kama da su. Manomin namu kuwa yana cikin rukunin manoman shinkafa biyu a Facebook, makon jiya ya tsaya a kan bidiyon wata gona da ake shayarwa har ya ƙare, kuma wayarsa kullum da safe tana barin gari ta nufi fadama. Ba shi kaɗai ya ga tallan ba, dubban manoma sun gan shi a daren. Lokacin da ya sa abokansa suka ɗauko hirar shi ne ya sa dilan ya sayi tallan. Haka abin yake da shadda da atamfa gab da sallah, da jakunkuna da canjin riyal lokacin aikin Hajji, da fom ɗin makarantu bayan fitowar sakamakon JAMB.

Tsayawa a kan bidiyo da na ambata ba ƙaramin abu ba ne. Ba sai ka danna alamar so ba, ba sai ka yi sharhi ba. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa yatsanka ya tsaya kafin ya wuce, ko ka koma baya ka sake kallo, ko ka buɗe hoto ka faɗaɗa shi, ko ka kunna sauti. Mutum yakan rantse bai taɓa binciken abu ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma ya manta ya kalle shi sau uku a TikTok.

Akwai kuma lambar talla. Kowace wayar Android tana da wata lamba ta musamman mai haruffa da alƙaluma 32, wadda aka yi domin masu talla. Mafi yawan manhajojin kyauta, daga wasan yara zuwa mai gyaran hoto, suna ɗauke da ɗan guntun shirin Google ko Meta ko wani kamfanin talla a cikinsu, wanda ke aika rahoto cewa mai lamba kaza ya buɗe kaza, a wuri kaza, da ƙarfe kaza. Shafukan intanet na sayayya su ma suna ɗauke da irinsa, shi ya sa takalmin da ka duba a Jumia yake bin ka har cikin Instagram. Duk lokacin da fili na talla ya buɗe a wayarka, ana yin gwanjonsa cikin ƙasa da ƙiftawar ido: a sanar da masu saye irin wayar da yankin da lambar, wanda ya fi tayi ya samu.

Sai mutanen da ke kewaye da kai, kuma a nan ne abin ya fi kama da sihiri. Abokin da ya fara kawo maganar famfon wataƙila shi ya bincika farashinsa da safe. Lambarka tana wayarsa, tasa tana taka, kuma ku biyun kun ba Facebook izinin ɗaukar lambobinku. Kuna abota a can, kuna rukuni ɗaya. Idan ya kunna maka intanet daga wayarsa ka jona, a idon shafukan da kuka shiga daga kafa ɗaya kuka fito. Ko kai ba ka taɓa ba da lambarka ba, wani ya bayar a madadinka. Haka Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai kira, yake nuna sunan mutumin da bai taɓa sauke shi ba, wani lokaci ma da laƙabin da wani ya ajiye shi da shi. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta buɗe bincike a kan wannan manhaja a 2019.

Na ƙarshe shi ne yadda zuciyar ɗan Adam take aiki. Talla da yawa suna wucewa ta gaban idonka kullum, ba ka riƙe ko ɗaya. Wanda ya dace da hirar ɗazu shi kaɗai yake tsaya maka. Ba wanda ke ƙirga hirarrakin da ya yi a kan rikicin gado ko ciwon ƙafa waɗanda babu tallan da ya biyo bayansu.

Yanzu ga inda masu zargi suke da gaskiya, kuma bai kamata a rufe ba. A 2019 ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple suna ba ma'aikatan kwantiragi guntayen muryoyin da aka ɗauka ta mataimakansu na murya, su saurara domin gyara kurakuran na'ura. Gidan watsa labaran VRT na Beljiyam ya samu irin waɗannan muryoyi sama da 1,000 na Google, 153 daga ciki an ɗauke su ne ba tare da an kira mataimakin ba, na'urar ce ta ji wani abu mai kama da sunanta ta farka. A shekarar dai Facebook ya amsa cewa ya biya mutane suna rubuta saƙonnin murya na Messenger na waɗanda suka kunna tsarin mayar da murya rubutu. A watan Janairun 2025 Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 domin kashe ƙarar da aka shigar a kan Siri, ko da yake bai amsa laifi ba, ya kuma ce bai taɓa sayar da muryoyin ga masu talla ba. Kafin nan, a 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gargaɗi masu manhajojin da ke ɗauke da shirin SilverPush, wanda ke sauraron wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, da ake sakawa a tallan talabijin. A ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta gano wasannin waya sama da 250 masu ɗauke da shirin kamfanin Alphonso, wanda ke amfani da makirfo ya gane shirin da ake kallo a talabijin. Sannan a 2023 da 2024 an bankaɗo takardun wani kamfanin Amurka, Cox Media Group, yana yi wa 'yan kasuwa alkawarin talla ta hanyar sauraron hira. Google ya cire shi daga jerin abokan hulɗarsa, Meta da Amazon suka nesanta kansu, kuma ba a nuna wa duniya wayar da aka kama tana yin abin da takardun suka faɗa ba. Abin lura a labarin wasannin nan shi ne ta ƙofa suka shiga: sun nemi izinin makirfo, mutane suka danna amincewa ba su karanta ba.

Wannan ya kawo ni ga haɗarin da ke gabanmu a nan gida, wanda ya fi talla muni. Na farko shi ne jabun WhatsApp, irin su GB WhatsApp, da matasa ke so saboda karanta saƙon da aka goge da ɓoye alamar an gani. WhatsApp na asali yana kulle saƙo da kira tun 2016 yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Na jabu wani da ba ka sani ba ne ya farke shi ya sake ɗinkewa, kuma ka ba shi makirfo da kyamara da hotuna da lambobi gaba ɗaya. Ba a Play Store ake samunsa ba, ta Xender ake tura shi daga waya zuwa waya, ko a wurin masu tura fina-finai a kati, don haka babu wanda ya tantance abin da ke ciki. Na biyu manhajojin bashi na gaggawa. Suna kwashe lambobinka ranar da ka sauke su, idan biya ya yi jinkiri sai surukinka da limaminku su samu saƙon cin mutunci. NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021 a kan irin wannan, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotuna. Shi ya sa da yawansu suka koma turo mahaɗi ta saƙo, su ce ka sauke daga can. Na uku manhajojin leƙen asiri da wani na kusa yake sakawa da hannunsa, miji ko mata ko abokin kasuwanci. Waɗannan kam suna naɗar kira, suna kunna makirfo, suna ɓoye alamarsu. Minti biyar da wayarka a buɗe ya ishe shi. Allah Ya hana bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma ina kira ga abokan sana'ata su daina karɓar wannan aiki ko nawa za a biya. Wani lokaci kuma cutar daga masana'anta take zuwa: a 2020 an gano muguwar manhajar Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, tana cin data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba, kamfanin ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya.

Abin yi ba ya buƙatar kuɗi, kuma ba ya wuce rabin awa. A fara da izini. Ka danna alamar manhaja ka riƙe, wani ɗan akwati zai fito da harafin i cikin da'ira. Ka taɓa shi, ka shiga sashen izini. Hanya mafi sauri kuma ita ce ta cikin setin, a sashen sirri, inda aka jera izini ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe na makirfo ka ga duk masu shi a wuri guda. Ka tambayi kanka aikin kowace. WhatsApp yana buƙatarsa domin kira da saƙon murya, kyamara tana buƙatarsa domin bidiyo. Tocila da kalkuleta da wasan yara da mai goge datti ba su da abin yi da shi. Facebook da TikTok da Instagram suna aiki lafiya ba tare da shi ba, sai ranar da za ka ɗauki bidiyo daga cikinsu, ranar sai ka ba su na sau ɗaya, wanda Android 11 zuwa sama yake bayarwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kashe wa kowa da kowa, har da manhajar kira, gobe a kawo waya gyara wai ba a jin magana, har a canza makirfo mai lafiya a banza.

Ka yi haka ga izinin wuri da na lambobi da na saƙonni, domin su ne suka fi makirfo daraja a kasuwar talla. Wuri a bar shi a kan lokacin amfani kaɗai, kuma in ban da taswira, a kashe na daidai-wa-daida a bar na kusa-kusa. Manhajar da ba ta banki ba kuma ba ta saƙo ba, idan ta nemi karanta saƙonninka, lambar sirrin da banki ke turowa tana cikin abin da za ta gani. A cikin Facebook a kashe ɗora lambobi, a kuma goge waɗanda aka riga aka ɗora.

Mai Android 12 zuwa sama yana da allon da ke nuna wace manhaja ta taɓa makirfo da kyamara da wuri cikin awa 24 da suka wuce, da ƙarfe nawa. Idan ka ga wata ta buɗe makirfo ƙarfe 3 na dare kana barci, ka cire ta. Akwai kuma maɓallin da ke rufe makirfo ga kowa, ana ƙara shi cikin maɓallan da ke saukowa daga saman fuska. Wanda wayarsa ba ta kai nan ba, lissafin data da na batir su ne madubinsa: manhajar da ba ka buɗe ba amma ta ci megabait ɗari a bayan fage tana da bayanin da za ta yi.

Lambar talla ana goge ta. A setin, ka shiga sashen Google, ka nemi na talla, za ka ga zaɓin sharewa. A iPhone, tun 2021 kowace manhaja sai ta tambaya kafin ta bi sawunka, ka ce a'a. Wannan tambaya kaɗai Meta ta ce za ta jawo mata asarar kusan dala biliyan 10 a 2022, abin da ke nuna maka inda kuɗin yake. Talla ba zai daina zuwa ba, sai dai ya rage saninka. Idan ba ka amfani da mataimakin murya, ka kashe jiran kiransa a setin Google, ka duba tarihin asusunka ka goge muryoyin da aka ajiye. A kuma sani cewa hira da Meta AI, mataimakin da ke amsa tambayoyi a WhatsApp da Facebook, ba kamar hira da ɗan'uwanka ba ce, da kamfanin kake magana, kuma a watan Oktoban 2025 ya sanar zai fara amfani da irin wannan hira wajen zaɓen talla. Saƙonnin talla na kamfanonin layi kuwa, a tura STOP zuwa 2442.

Wanda ke zargin an saka masa manhajar leƙe ya duba wurare biyu da suke fakewa: sashen da aka tanada domin masu lalurar gani ko ji, da jerin manhajojin da aka ba ikon gudanar da waya. Duk baƙon suna a can abin tuhuma ne, kuma sai an cire masa wannan iko kafin ya yarda ya goge. A kunna Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji da ke cikin Play Store, ya yi bincike. Idan shakka ba ta gushe ba, a kwashe hotuna da lambobi, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, sannan a canza kalmar sirrin Google daga wata na'ura. Kada a dawo da tsofaffin manhajoji daga kati, domin cutar za ta dawo tare da su. Idan za a bar waya a wurin mai caji, a kashe ta ko a tabbatar tana kulle, kuma a sa wa layi lambar sirri, domin wanda ya zare layinka ya sa a wata waya yana iya kaiwa ga asusunka na banki.

Mai son ya gwada da kansa, ga yadda gwajin zai yi ma'ana. Ya zaɓi abubuwa biyu da ba su da alaƙa da sana'arsa ko lokacin da ake ciki, ya rubuta a takarda, kada ya rubuta a waya. Ɗaya ya riƙa ambatonsa kusa da wayar kullum har mako guda, ɗayan kada ya furta. Kada ya bincika ko ɗaya, kada ya gaya wa wanda zai je ya bincika, domin a nan gwajin yawancin mutane yake lalacewa. Ya ƙirga tallan kowanne. Duk tallan da ya ba shi mamaki kuma, ya taɓa ɗigo ukun da ke gefensa, akwai inda Facebook yake faɗin dalilin nuna masa shi, sau da yawa za ka ga shekaru ne da jiha da harshe.

Malam Edita, saura hukuma. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba ɗan Najeriya haƙƙin ya tambayi kamfani abin da ya tara a kansa, ya nemi a goge, ya kuma ƙi a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Ta kafa hukumar NDPC domin karɓar ƙorafi. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin gasa da masu sayayya ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Amma mai sayar da albasa a Aliero bai san yana da wannan haƙƙi ba, domin duk bayanin da Turanci yake, haka ma akwatin neman izinin da ke fitowa a wayarsa. Ina roƙon hukumomin nan biyu su fitar da bayanin da fom ɗin ƙorafi da Hausa, su kai shi gidajen rediyon Kebbi da Zamfara da Sakkwato, su kuma zauna da masu gyaran waya da masu caji da masu tura fina-finai, tun da a hannunsu mafi yawan manhajojin da ke wayoyin ƙauyukanmu suke shiga.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran waya da saita manhajoji,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.